Yadda ake musanya ruwan khal a girki idan wanda ake nema bai samu ba

Girke-girken da ke yawo a waya sun zo mana da wata ƙaramar matsala: kowanne da irin khal ɗin da yake nema. Wannan ya ce na shinkafa, wancan ya ce na tuffa, wani kuma ya ce sai balsamik. Ki aiki yaro Babbar Kasuwa ko wani kanti a Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, ya dawo da farin nan mai kama da ruwan sha, ya ce shi kaɗai ya samu. A Daura da ƙauyukanta ma wani lokaci farin sai an bincika. Da yawa daga cikinmu a nan ake fasa girkin, ko a zuba wanda aka samu ba awo, a ɓata kayan miya masu tsada.

Ba sunan da ke jikin kwalba ake musanyawa ba, uwargida. Aikin da khal ɗin zai yi a cikin abincin shi ake nema wa madadi. In kin gane aikin, kwalba ɗaya ta farin khal da ɗaya ta tuffa, haɗe da lemon tsami da tsamiyar da ba a rasa su a gida, za su biya miki kusan kowace buƙata. Wuri ɗaya ne ba a wasa da musanya, zan zo kansa.

Mataki na farko: karanta kwalbar

Kowane khal, ko da me aka yi shi, hanya biyu yake bi. Yis ya fara cinye sukarin da ke cikin tuffa, inabi, dabino, rake ko hatsi, ya mai da shi barasa. Daga nan wasu ƙwayoyin bakteriya, da taimakon iska, su juya barasar ta koma asid ɗin da ake kira asetik. Shi ne mai tsamin, shi ne kuma mai warin da ke bugun hanci. Bambancin wannan khal da wancan yana cikin ɗan abin da ya rage na ɗanɗano da launi da zaƙin abin da aka yi shi da shi.

Don haka abin da za ki fara nema a jikin kwalba shi ne lamba. Yawancin khal na girki kashi 5 cikin 100 ne, za ki ga an rubuta 5%. Na shinkafa ya fi sanyi, yana wajen 4%. Na inabi da balsamik sukan kai 6%, wani ya ɗara. Akwai kuma mai ƙarfi sosai da ake shigowa da shi daga Turai, mai 25%, wanda ba a sa shi a abinci haka nan: cokali ɗaya nasa sai an haɗa da cokali huɗu na ruwa kafin ya dawo 5%. Wanda aka rubuta na goge-goge ne, ki bar shi wa tayil da bayan gida. Ki duba lambar NAFDAC, kuma khal ɗin da aka ɗura a gorar ruwa ba takarda ba suna, ki bar wa mai shi kayansa, tunda ba ki san ƙarfinsa ba.

In kin ga wani abu kamar yana ko gajimare yana yawo a gindin kwalbar na tuffa, ba lalacewa ba ce. Taron bakteriyar da suka yi shi ne. Ki tace, ko ki girgiza ki yi amfani da shi.

Sai maganar halacci, don na san tana ran mutane. Khal kansa babu tantama a kai. Ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yaba shi a matsayin mahaɗin abinci. Inda malamai suka yi saɓani shi ne giyar da mutum ya juya ta da gangan ta zama khal. Wadda zuciyarta ba ta kwanta da khal na giyar inabi ba, tana da madadi mai kyau a ƙasa, kuma ta sani yawancin balsamik na kanti akwai wannan khal ɗin a cikinsa. Abin da ya fi wannan buƙatar kula shi ne kwalaben girkin China da Japan. Khal na shinkafa daban, giyar shinkafa ta girki daban, kuma a kanti ɗaya ake jera su. Ta biyun barasa ce, har yawan barasar akan rubuta a jiki. Ki karanta, ko ki ba wanda zai karanta miki.

Mataki na biyu: tambayi kanki me khal ɗin zai yi a nan

Wani lokaci don ɗanɗano ne kawai, kamar a salak ko haɗin kabeji da karas. A nan kina da 'yanci sosai, harshenki ne alƙali. Wani lokaci don ya tayar da kek ne tare da bekin soda, ko ya tsinka madara, ko ya kama awara. A nan tsamin ake nema, ɗanɗanon ba ya fitowa sosai, amma awo yana da muhimmanci. Wani lokaci don cire ƙarnin kifi da kaza ne ko tausasa nama. Na ƙarshe kuma don adana abinci ya daɗe bai lalace ba, wanda shi ne mai doka.

Awon da zan riƙa ambata: babban cokali mililita 15, ƙaramin cokali 5, kofi kuma wajen 240. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, don haka ki zaɓi guda ki riƙa auna komai da shi.

Mataki na uku: daidaita abu uku

Duk khal ɗin da za ki sa a madadin wani, ki gwada su ta ƙarfin tsami, zaƙi da launi. In naki ya fi ƙarfi, ki sirka da ruwa. In wanda aka nema yana da zaƙi, ki ƙara sukari ko zuma. In abincin fari ne, kada ki kawo mai launi.

Na shinkafa shi aka fi nema a soyayyiyar shinkafa da taliya irin ta 'yan Asiya da miyar tsami da zaƙi. Sanyi gare shi da ɗan zaƙi. Ki ɗauki babban cokali ɗaya na khal ɗin tuffa ki narka rubu'in ƙaramin cokali na sukari a ciki. In fari kawai gare ki, cokali uku nasa, ɗaya na ruwa, da ƙaramin cokali na sukari.

Na tuffa in ya ƙare, farin khal ne da ɗan ruwan tuffa na kwali, kashi uku da ɗaya. Ko lemon tsami. Wanda masu shagon magungunan Musulunci ke sayarwa shi ne dai khal ɗin tuffa, in dai ba a haɗa shi da wasu magunguna ba, yana shiga girki. (Masu shan sa tsura don rage teɓa kuwa su ji tausayin haƙoransu da maƙogwaro, asid ne, yana cin fatar haƙori, mai gyambon ciki kuma ya yi nesa da shi.)

Farin khal shi ya fi kowanne kaifi, ba shi da wani ƙamshi sai tsami zalla. Na tuffa yana maye gurbinsa cokali da cokali, sai dai zai ɗan rina abu ya yi ruwan zuma, kuma ƙamshin tuffa zai ɗan fito. A miya ko jiƙon nama ba wanda zai lura. A mayonis na gida ko farin kek, lemon tsami ya fi dacewa.

Jan khal na inabi, wanda girkin Turawa da na Lebanon ke yawan nema a salak, ga yadda nake ganin ya fi: cokali uku na khal ɗin tuffa, cokali ɗaya na ruwan zoɓo mai kauri wanda ba a sa masa sukari ko kayan ƙamshi ba. Zoɓon na kawo launin da wani ɗan ɗaure-baki da ke kama da na inabi, kuma shi kansa mai tsami ne, ba zai rage ƙarfin sosai ba. Farin khal na inabi kuwa, na tuffa ko na shinkafa ya wadatar. Haka na sha'ir da Ingilishi ke yayyafawa a soyayyen kifi da dankali: na tuffa, ko a yanka lemon tsami a ajiye a gefe.

Balsamik ne ya fi ba mutane tsoro saboda tsadarsa. Asalinsa daga Modena da Reggio Emilia ne a Italiya, inda ake dafa ruwan inabi har ya yi kauri, a ajiye a gangunan katako. Na gargajiyar ba ya fita kasuwa sai ya yi aƙalla shekara 12. Ba za ki yi wannan a kicin ba, kuma yawancin na kanti ma ba shi ba ne. Abin da girki ke nema a wurinsa shi ne tsami mai zaƙi, mai duhu, mai ɗan kauri. Hanya mai sauri: babban cokali na khal ɗin tuffa da rabin ƙaramin cokali na zuma. Hanyar da ta fi daɗi kuwa tamu ce. Ki zuba rabin kofi na khal ɗin tuffa a ƙaramar tukunya, ki ƙara babban cokali biyu na ruwan tsamiya mai kauri da babban cokali ɗaya na mazarƙwaila da aka kankare, ko dabino uku da aka jiƙa aka dama. Ki rage wuta, ki bar shi yana ɓararraka a hankali har ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya fara kama bayan cokali. Ki buɗe taga, don tururin yana shaƙe mutum. In ya huce ki tace. A kan gasasshiyar kaza ko yankakken tumatir da albasa, ni dai ban ga abin da na kwalba ya fi shi da shi ba.

Mataki na huɗu: in babu khal ko ɗigo

Kakanninmu ba su jira kwalba ba kafin su sa tsami a abinci. Sai dai kowane tsami da halinsa.

Lemon tsami ne mafi kusa. Ƙarfinsa ya yi daidai da na khal, wani lokaci ya ɗara, don haka cokali da cokali ake farawa. Bambancin shi ne, tsamin khal yana bin tururi ya ragu idan an daɗe ana dafawa, na lemo kuwa yana nan daram, ƙamshinsa ne ke gudu, kuma in ya daɗe a wuta ko ƙwallonsa ya faɗa ciki sai ya kawo ɗaci. Shi ya sa ake matsa shi bayan an sauke tukunya. Ki murza shi a kan tebur kafin ki yanka, ruwan ya fi fita.

Tsamiya tana da tsami mai nauyi da ɗan zaƙi, ga duhu. Ki ɗauki curi kamar girman ƙwan kaza, ki jiƙa a rabin kofin ruwan zafi na minti 15 zuwa 20, ki murje da hannu, ki tace da rariya. Cokali biyu na wannan a madadin ɗaya na khal, sannan ki ɗanɗana, don sabuwar tsamiya da wadda ta shekara ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wurinta miya, farfesu, jiƙon nama da kifi. Ba ta shiga mayonis ko farin salak.

Nono da kindirmo tsaminsu mai laushi ne, bai kai na khal ba ko kusa, shi ya sa suka fi kowa iya nama. Kazar da aka jiƙa a kindirmo da tafarnuwa da citta za ta iya kwana a firij ta fito da taushi. A zuba mata khal tsura ta kwana, sai bayanta ya yi fari ya saɓule, cikin kuma ya yi tauri. Da khal ko lemo, kifi minti 15 zuwa 30 ya ishe shi, kaza kada ta wuce awa biyu, jan nama zai iya kai huɗu in an haɗa da mai.

Ruwan tsamin da ke kwanciya a saman gasara in ta kwana biyu, masu awara sun san darajarsa. Shi ma ba a san takamaiman ƙarfinsa ba, da ido ake aiki da shi.

Kek, madara da awara

A nan ne awo ke da amfani. In girki ya ce nono mai tsami na Turawa, ki zuba babban cokali ɗaya na farin khal, na tuffa ko lemon tsami a kofi, ki cika da madara, ki bari minti 5 zuwa 10 har ta ɗan tsinke. Ko ki sirka kindirmo da ruwa kaɗan, ya ma fi. In bekin foda ta ƙare, rubu'in ƙaramin cokali na bekin soda da rabin ƙaramin cokali na khal suna tsaya wa ƙaramin cokali ɗaya nata. Sodar a cikin fulawa, khal ɗin a cikin kayan ruwa, kuma da zarar sun haɗu sai gashi, don kumfar ba ta jira. Kek ɗin da ba ƙwai yakan nemi ƙaramin cokali na soda da babban cokali na khal; kowane khal mai haske zai yi, ban da balsamik.

Awara kuma: madarar waken suya lita ɗaya, babban cokali biyu na khal ko lemon tsami a sirka da rabin kofin ruwa. Ki bar madarar ta tafasa sosai, ki sauke ta ɗan sarara na 'yan mintuna, sannan ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina juyawa a hankali. Da kin ga ta dunƙule, ruwan ya koma garai-garai mai ɗan ɗorawa, ki tsaya ko da saura a kofin. Wuce nan shi ke sa awara tauri da tsami. Tsamiya ma tana kamawa, amma awarar kan yi duhu.

Lokacin zubawa

Wake ba ya nuna da wuri a cikin tsami, haka dankali yakan ƙi laushi, don haka sai sun nuna ake sa musu. Abin da kanwa ke yi wa wake, kishiyarsa tsami ke yi. Ganye kore kamar alayyafo, zogale da koren wake, tsami na kashe musu launi su koma kamar sun kwana. A kwaɗo ko salak, sai za a ci ake zubawa. Jar albasa da jan kabeji kuwa tsami ke fito musu da kyau. Kuɓewa tana rage yauƙi in ta ji tsami, wanda zai yi miki daɗi in soya ta za ki yi, ya ɓata miki rai in miyar tuwo ce.

Haɗin salak kashi uku na mai ne, ɗaya na tsami. Ki fara narka gishirin a cikin khal kafin ki zuba man, don gishiri ba ya narkewa a mai.

Kada ki jiƙa abu mai tsami a tukunyar dalma ko ta ƙarfe ya daɗe. Asid na cin jikinta, abincin ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe ya yi toka-toka. Gilashi, tangaran ko roba mai kyau.

In hannu ya zarce, tsami ya yi yawa, ki fara da ɗan sukari ko zuma. Ba su cire tsamin, rufe shi suke yi. Man shanu, tunkuzar gyaɗa ko ƙarin romo suna taimakawa. In abin ya faskara, ɗigon ruwan kanwa ko bekin soda a bakin cokali, kamar yadda ake yi wa ƙullun waina in ya tsamama. Ki zuba ki jira kumfar ta kwanta ki ɗanɗana, don in ya yi yawa abincin sabulu zai koma, jan launi kuma ya dushe.

Inda ba a musanya da ka

Albasa ko kokwamba da za a jiƙa a ci cikin 'yan kwanaki ba matsala. Rabin kofin khal, rabin kofin ruwa, ƙaramin cokalin gishiri, babban cokalin sukari, a tafasa a zuba a kan yankakkiyar albasa a kwalba. Kowane khal zai yi, a firij za ta kai mako biyu, kuma da balangu ko gasasshen kifi ba a magana. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ki yi kaɗan wanda za a cinye a kwana biyu.

Abin da za a rufe a kwalba a ajiye a ɗaki wata da watanni shi ne mai haɗari. Akwai ƙwayar cuta mai suna botulinum da ke tsira a inda babu iska kuma babu isasshen tsami, dafinta na shanye jiki har ya yi kisa, kuma sau da yawa ba ya canza wari ko ɗanɗano. Ma'aunin tsami da ake kira pH sai ya sauka ƙasa da 4.6 take kasa tsira. Don haka a nan khal mai 5% kawai ake amfani da shi. Fari da na tuffa suna musanya juna in duka 5% ne. Na shinkafa mai 4%, wanda aka haɗa a gida, ruwan tsami, tsamiya, duk ba su shiga. Kuma ba a ƙara ruwa fiye da yadda aka ce don wai tsamin ya yi yawa. Sukari ake ƙarawa.

Wannan ya shafi masu dafa tumatir a kwalba lokacin rani, in na Danja da na fadamun Zobe da Jibiya ya cika kasuwa, kwando ya yi araha. Tumatir yana bakin iyakar nan ne, wani ya kai tsamin wani bai kai ba, musamman wanda ya nuna luguf. Ƙa'idar Ma'aikatar Noma ta Amurka ita ce, a kwalba mai cin kusan lita ɗaya a sa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami na kwalba, ko rabin ƙaramin cokali na garin sitirik asid da masu kayan kek ke sayarwa, ko babban cokali huɗu na khal mai 5%. Mai rabin lita, rabin wannan. Kin ga a nan lemo da khal ba cokali da cokali ba ne, khal ninki biyu ne, kuma an ce na kwalba ne don shi ƙarfinsa a daidaice yake. A zuba tumatirin da zafinsa, a rufe da murfi mai kamawa gam, a nutsa kwalaben cikin ruwa ya rufe kansu, a tafasa minti 40 ga ƙanana, 50 ga manya, don Katsina tana kan tudu kusan mita 500 daga teku, ruwa kuma yana tafasa da ƙarancin zafi a tudu. Wannan awon na tumatir ne zalla. Tattasai, attarugu da albasa ba su da tsami, in an markaɗa su tare lissafin ya rushe; su a shanya su, ko a sa markaɗen a firiza. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi tsartuwa da aka buɗe, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Wanke latas da kabeji da ruwan khal, kashi ɗaya na khal a cikin kashi huɗu na ruwa, yana rage ƙwayoyin cuta amma ba ya kashe su duka, kuma lemon tsami ma haka. Wankewa ganye-ganye da ruwa mai tsabta shi ne babban aikin. In kin gama, ragowar ruwan kada ya haɗu da bilic irin su Hypo ko Jik a bokiti ko a magudanar wanke-wanke. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma ki gaya wa yarinyar da ke taya ki aiki, don ita ta fi yawan riƙe kwalaben biyu.